A Kan Wasali Ɗaya Aka Rufe Mata Baki

Ɗiyar ƙanwata tana aji huɗu a sakandare, kuma har zuwa zangon da ya wuce tana cikin ɗaliban da ke karanta labarai a gaban taron safe duk ranar Litinin. Wata Litinin aka miƙa mata kanun wata jaridar Turanci. Labarin a kan wata hukuma ne da ta ƙi cewa uffan game da kuɗin jarrabawar ɗalibai da ba a biya ba, har aka riƙe sakamakonsu. A cikin kanun akwai kalmomi biyu, "keeps mum". Yarinya ta karanta ta biyun yadda idonta ya gani, da wasalin "u", kamar mai cewa "gum". Nan take wani malami ya tsayar da ita, ya sa ta maimaita har sau uku a gaban makaranta, sannan ya ce "mom" ake cewa. Da ya ga dariya ta karɓu sai ya ƙara da fashin baƙi, wai ma'anar ita ce mutum ya yi shiru kamar uwa mai rufa wa ɗanta asiri. Tun daga ranar sunanta ya koma "Mum" a bakin 'yan ajinsu. Ta ajiye karanta labarai, uwarta kuma ta ce ko hannu ta daina ɗagawa a aji.

Ba zan faɗi sunan malamin ko makarantar ba, domin irinsa sun yi yawa. Suna cikin azuzuwa da ofisoshi, suna wurin ɗaurin aure suna jiran mai jawabi ya yi tuntuɓe, suna kuma cikin wayoyinmu suna yanko bidiyon wani bawan Allah don a taru a yi masa dariya. Abin da nake tuhumarsu da shi guda biyu ne. Na farko, yawancinsu ba su san abin da suke gyarawa ba. Na biyu, ko da sun sani, hanyar da suke bi tana kashe abin da suke cewa suna rayawa. Wannan ƙaramar magana ta Turawan Ingila ta isa hujja a kan duka biyun.

Mu fara da ma'ana, tunda a nan malamin ya fi yin ɓarna. "Mum" ɗin da ke cikin wannan magana ba ta haɗa komai da uwa ba. Kalmomi biyu ne daban da suka yi karo a rubutu da furuci, kamar yadda "baba" mahaifi da "baba" na rini suka haɗu a rubutun Hausa. Ta uwa dangin "mama" ce, kiran da jarirai ke yi. Ta shiru kuwa kwaikwayon sautin da ke fita ne idan mutum ya haɗe leɓɓansa, wato "mmm". Tsohuwar kalma ce ƙwarai. Tana cikin doguwar waƙar William Langland mai suna Piers Plowman, ta ƙarshen ƙarni na 14, inda yake kukan cewa lauyoyi ba sa ko motsa baki sai sun ga kuɗi. Shakespeare ma ya yi amfani da ita a kashi na biyu na wasansa Henry VI, a bakin wani mai gargaɗin kansa ya kama bakinsa. Wanda yake son hujja ta kusa, ya dubi Amurkawa. Su "mom" suke kiran uwa, amma idan suka zo maganar shiru "keep mum" suke rubutawa kamar kowa. Da kalma ɗaya ce, da sun canza su tare.

Turawan Ingila sun san da wannan karon, har suna wasa da shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1939 da 1945, gwamnatinsu ta yi ta liƙa fastoci tana gargaɗin jama'a kada surutu ya kai wa abokan gaba labari. Ɗaya daga cikinsu tana cewa a yi koyi da Baba, a yi "keep mum", wato a riƙe Mama kamar yadda Baba ke riƙe ta, a kuma kama baki. Daɗin wasan duka ya rataya ne a kan cewa kalmomin biyu ne. Malamin namu ya ɗauki abin da masu harshen suka mayar barkwanci, ya koyar da shi a matsayin ilimi.

Abin takaicin shi ne Bahaushe ya fi kowa cancantar gane wannan kalma cikin minti ɗaya. Muna da tamu: "ya yi gum da bakinsa". Ka faɗi "gum" ka ga inda leɓɓanka za su tsaya, sannan ka faɗi "mum". Duka biyun a rufe suke ƙarewa, domin abin da suke kwatantawa ke nan. Malaman Hausa suna kiran irin waɗannan kalmomi amsa-kama, kuma harshenmu cike yake da su: tsit, mukus, jugum. Da malamin ya ce wa yara "wannan ita ce gum ta Turawa", da babu wanda zai manta har ya tsufa. Amma an horar da mu a kan cewa kawo Hausa cikin darasin Turanci faɗuwa ce, sai muka gwammace mu ƙirƙiro tatsuniyar uwa da ɗanta.

Sai nahawu. A cikin "keep mum", kalmar "mum" sifa ce, layinta ɗaya da "quiet" da "calm" a cikin "keep quiet" da "keep calm". Aikatau "keep" a nan yana nufin ci gaba da zama a wani hali. Saboda haka duk wani sauyi a kansa yake sauka: "he keeps mum", "they kept mum", "she is keeping mum". Ita "mum" ba ta motsi. Ba ta ɗaukar jam'i, ba a sa mata "a" ko "the" a gaba, ba a kuma jingina ta ga kowa. Duk wanda ya ce "keep your mum" ya bar maganar shiru ya koma cewa mutum ya riƙe uwarsa. Ana iya musanya aikatau a ce "stay mum" ko "remain mum". Abin da aka yi shiru a kansa kuma yana biyo bayan "about" ko "on", shi ya sa jaridu ke son ta a kanu: gajeruwa ce, haruffa uku kacal. Tana da wata ɗabi'a kuma: bayan aikatau kaɗai take zama, ba ta shiga gaban suna, don haka babu "a mum man".

'Yar'uwarta "mum's the word" ita ce ta fi yaudarar mutane. Harafin "s" da ke manne a nan gajarta "is" ne, babu mallaka a cikinsa. Jimlar tana cewa kalmar da za a riƙe ita ce "mum", wato wannan magana ta tsaya tsakaninmu, kada a ji ta a waje. Kusan a daskare take, ba a cika canza mata lokaci ko tsari ba. Mun san irin wannan a Hausa, domin babu mai taɓa "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba" ya sake mata fasali, alhali saƙonsu ya yi kusa.

Akwai kuma bambancin da ya fi duk waɗannan amfani ga mai karanta jarida. "Keep quiet" daina hayaniya ne, shi ake gaya wa aji mai surutu. "Keep mum" kuwa ƙin faɗin abin da ka sani ne, musamman idan ana tambayarka. Wanda bai san komai ba ba ya yin "keep mum". Saboda haka kanun da yarinyar ta karanta yana ɗauke da zargi: hukumar ta san inda kuɗin suka maƙale, an tambaye ta, ta ƙi faɗa. Wannan shi ne darasin da ya kamata ɗalibai su tashi da shi a safiyar nan, tunda sakamakon 'yan'uwansu ake magana a kai.

Yanzu mu zo kan furucin da aka yi wa yarinya tsirara a kansa. Ƙamusun Ingila da na Amurka sun haɗu a kan wasali ɗaya a wannan kalma, wanda ke cikin "bus" da "cup" da "come". Gajere ne, ana yin sa da baki a ɗan buɗe, leɓɓa ba su zagaye ba. A cikin wasulan Hausa biyar, wanda ya fi kusa da shi shi ne gajeren "a". Kenan abin da ƙamus ke nema ya fi kama da "mam". "Mom" ɗin da malamin ya tilasta mata ba ya cikin ƙamus a wannan ma'ana. Kuskure ya cire ya dasa wani kuskuren, da ƙarfin muƙami da taimakon dariya.

Kakanninmu da ba su shiga aji ba sun riga shi jin wannan wasali. Dubi kalmomin da suka ara da kunne: "bus" ta zama bas, "number" ta zama lamba, "pump" ta zama famfo, "company" ta zama kamfani, "summons" ta zama sammaci, "gum" ta zama gam, babban birnin Ingila kuma ya zama Landan. A waɗannan kalmomi, inda Bature ya yi wannan sauti, "a" suka ji. Akwai wani rukunin da ya zo da "o", irin su bokiti da roba da buroshi, kuma "o" ɗin nan shi ne yadda akasarin 'yan kudancin Nijeriya ke furta wasalin. Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982 a kan bambance-bambancen furucin Turancin Nijeriya, kuma masu nazarin fannin sun daɗe da sanin cewa a wannan wasali bakin Bahaushe ya fi kusa da na ƙamus. Ban kawo wannan don a juya dariyar kudu ba. "O" ɗinsu furuci ne na miliyoyin mutane da ke fahimtar juna sarai. Na kawo ne don a ga cewa makullin yana aljihun malamin: bas, lamba, mam. Kalmomi uku sun gama darasin.

To shi "u" ɗin da yarinyar ta yi fa? A da can, Turawan Ingila da wasali ɗaya suke furta "put" da "cut". A ƙarni na 17 ne mutanen kudancin ƙasar suka raba su, Shakespeare kuwa ya rasu a 1616, kafin rabuwar ta kankama. Arewacin Ingila bai bi su ba har yau. A Manchester da Leeds da Sheffield, ɗan gari yana furta "bus" da "cup" da wasali mai kama da gajeren "u" namu, haka ma "mum". Duk mai sauraron hirar magoya bayan ƙwallo daga waɗannan garuruwa ya sha jin haka. Ashe abin da aka tara makaranta aka yi wa dariya, furucin miliyoyin Turawa ne a cikin ƙasarsu ta haihuwa. Furucin da ake kira na Sarauniya ko na BBC, wanda Daniel Jones ya tattara a ƙamusunsa na furuci a 1917, na 'yan tsiraru ne. Masanin harshe Peter Trudgill ya taɓa ƙiyasta masu yin sa da kimanin kashi 3 cikin 100 na mutanen Birtaniya. Muna dukan 'ya'yanmu da sandar da yawancin masu harshen ba sa riƙewa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce yarinyar ba a Manchester take ba, jarrabawar WAEC za ta zauna, kuma a takardar furuci ta Turanci ƙamus ake bi. Gaskiya ne, ban musa ba. Idan aka tambaye ta kalmar da ta yi wasali ɗaya da "mum" ta zaɓi "put", ta rasa maki. Furuci yana da amfani a wajen jarrabawa ma, tunda wanda ba a gane abin da yake faɗa ya yi asarar numfashi. Don haka a koyar da shi, a koyar da shi daidai. Amma mai gyara shi ne ya fi kowa buƙatar buɗe ƙamus kafin ya buɗe baki. Yanzu kowane ƙamus na kirki yana cikin waya, da maɓallin da za ka danna ka ji kalmar. Malamin da ya tsayar da taro a kan abin da sakan goma suka isa ya tantance, ba shi da uzuri. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wannan karon a wuyan yarinya aka ɗaura shi.

Za a kuma ce dariya magani ce, wanda aka kunyata ba ya sake kuskuren. Haka ne, ba ya sakewa, domin ba ya sake magana. Harshe da baki ake koyonsa, da faɗuwa da tashi, kuma yaron da ya gane cewa kowace jimla tana iya zama sanadin sabon suna zai zaɓi hanyar da babu haɗari. Ku shiga kowane aji ku ƙirga masu amsa tambaya da Turanci, za ku same su 'yan kaɗan, su ne kullum. Sauran da yawa sun san amsar, lissafi kawai suka yi suka ga shiru ya fi araha. Abin ya fi tsanani a kan 'yan mata, waɗanda tun daga gida ake yaba musu da kunya da kawaici, da kuma yaran da suka fito daga makarantun da babu mai yi musu Turanci sai allo. Haka za su girma, su shiga jami'a, su zauna a taron ofis da ra'ayi mai kyau a ciki, su bar wanda ya fi su ƙarfin hali ya yi ta zuba. Daga baya mu dawo muna tambayar me ya sa namu ba sa magana a inda ake yanke hukunci.

Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin bai yi dariyar shi kaɗai ba. Mu ne muke tura wa juna bidiyon wanda ya musanya "p" da "f", alhali mun san Hausa ba ta raba waɗannan sautuka biyu ba, kamar yadda Turanci bai raba "k" da "ƙ" ba. Bature zai shekara goma a Kano yana kiran ƙasa "kasa", ya kasa bambanta garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, mu kuwa mu yi ta tafa masa muna cewa ya iya Hausa kamar jakin Kano. Namu ya yi tuntuɓe a wasali ɗaya na harshen da yake na biyu ko na uku a bakinsa, sai mu mayar da shi abin nishaɗi. Wannan rangwamen da muke yi wa baƙo muna hana ɗan gida, sunansa raina kai. Su masu harshen sun wuce wurin: a Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, har da "Kannywood" da "okada".

Bahaushe ya san shiru kala-kala. Akwai na kara, akwai na haƙuri, akwai na gudun fitina, wanda ya sa ake cewa baki shi ke yanka wuya. Akwai kuma na wanda aka ba amana aka tambaye shi ya yi gum, kuma wannan ba ya cikin kyawawan halaye ko a wane harshe. A safiyar nan iri biyu suka haɗu a fili ɗaya. Na farko yana cikin jarida, na manya masu bayanin da suka ƙi bayarwa. Na biyu an ƙirƙire shi nan take, a bakin yarinyar da ta tashi don ta faɗa wa makaranta labarin na farkon. Malamin yana da damar ya tambayi ɗalibai: wa ya yi shiru, a kan me, wa shirun ya cuta, wa ya kamata a tambaya? Ya bar duk wannan ya bi wasali, wasalin ma bai same shi ba.

Ga abin da nake nema daga malamai, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku bar yaro ya kai ƙarshen jimlarsa. Ku yi gyara a aji, kan allo, a matsayin darasin kowa, ba tare da an nuna wanda ya yi kuskuren ba. Ku duba ƙamus tukuna, in kuma ba ku da tabbas ku ce za ku duba, babu abin da zai ragu daga girmanku. Ku yi amfani da Hausar da yaran suka zo da ita, domin a cikinta akwai gum, akwai bas da lamba. Ku fara da ma'ana, sannan nahawu, sannan furuci, tunda wanda ya san abin da magana ke nufi zai gyara lafazinsa a hankali, wanda kuwa aka koya wa tatsuniyar uwa da ɗanta zai yi ta yaɗa ta da kyakkyawan lafazi. Mu kuma sauran, kafin mu tura bidiyon wani, mu tambayi kanmu ko mun taɓa buɗe ƙamus a kan kalmar da muke dariya.

Da na je gidan ƙanwata, na ɗauki takarda na rubuta wa yarinyar kalmomi uku: bas, lamba, mam. A karo na biyu ta faɗe ta daidai. Na gaya mata labarin mutanen Manchester, ta yi murmushi amma ba ta ce komai ba. Sai da na miƙe zan tafi ta ce, "Kawu, to sun biya kuɗin jarrabawar kuwa?" A cikin duk waɗanda suka tsaya a filin nan ranar Litinin, ita ce ta riƙe abin da labarin ya ƙunsa. Har yanzu ba ta koma karanta labarai ba, kuma malamin da ya tsayar da ita a gaban makaranta bai tsaya a gaban makarantar ya ce ya yi kuskure ba. Bashi ne a kansa, kuma a filin da ya ci shi ya kamata ya biya.